Kukan Kujerar Baba

Wanda bai taɓa shiga motar Nyanya da sassafe ba, kar ya ce min ya san haƙuri. Ni da kaina na taɓa shiga cunkoson nan da sabon aski, kafin mu isa Utako a cikin Abuja sai da na nemi wanzami. A cikin motar kowa da wayarsa, kowa na sauraron saƙon murya, kuma yanzu an zo da wani salo: sai mutum ya danna wani ɗan wuri, muryar mai maganar ta ninka sauri, ka ji dattijo mai furfura yana magana kamar ɓeran da aka taka wa wutsiya. Da can in na ji haka dariya nake yi, har in leƙa in nuna wa na kusa da ni inda zai danna ya ƙara gudun. Yanzu kuwa in na ji, taga nake juyawa, in ƙura wa masu tallar biredi ido kamar ina da niyyar saye. Kunya ce take kama ni, irin wadda take farawa daga ƙeya ta gangara har tafin ƙafa.

Ni tsohon ɗan fim ne. Kar ku wahalar da kanku wajen tuno fuskata, ba ta taɓa fitowa ba, in ban da gwiwar hannuna da ta leƙo sau ɗaya a gefen hoto, har yau kuma ina nan a kan bakana cewa ita ta fi kowa iya wasa a fim ɗin. Sauti nake ɗauka. Ni ne mutumin nan da ke tsaye a bayan kyamara da doguwar sanda, makirufo a samanta, hannuwa a sama kamar wanda 'yan sanda suka tare. Daga baya na koma tace fim a kwamfuta, shi ya sa a Utako, inda na kama ɗan shago, ba wanda ya san sunana sai Oga Edita. Aikina yanzu shi ne mutum ya kawo min tsohon kaset ɗin bikinsa da ya yi funfuna, in goge, in zuba masa a waya, ya ga lokacin da yake da gashi. Sauran lokacina kuwa a na'urori yake ƙarewa. Duk wani sabon abu mai madanni da aka ƙirƙiro, sai na taɓa shi nake samun barci. Matata, Maman Ummi, tana cewa ranar da wuta ta kama gidanmu, Allah ya kiyaye, wayoyin caji zan fara cetowa kafin 'ya'yana.

Amma kunnen nan nawa ba a fim aka buɗe shi ba. A gida aka buɗe shi, ina yaro, lokacin Baba yana Abuja. Kafinta ne, yana cikin waɗanda suka taho tun garin nan bai wuce daji da jar ƙasa ba, suna kwana a barikin leburori a nan Nyanya. Ba waya a zamanin. Wasiƙa kuwa sai an nemi mai rubutawa, can ma a nemi mai karantawa, Inna kuma ta ce maganar gidanta ba za ta bi ta bakin maza biyu kafin ta isa kunnen mijinta ba. Saboda haka kaset ake yi. A ɗauki magana a fuska ɗaya, a ba direban motar katako, Baba ya saurara, ya mayar da amsa a ɗaya fuskar. Ni ne injiniyan gidan.

Ranar ɗaukar kaset rana ce guda. Tun da safe zan shanya batura a kan kwanon ɗaki, don mun yi imani rana tana mayar musu da ƙarfi. In zura biro a cikin kaset in yi ta juyawa har ya koma farko, don kar rediyo ya ci batir a banza. Inna kuwa sai ta share tsakar gida, ta yi wanka, ta sa kwalli, ta ɗauro zanen da take zuwa suna da shi, ta shafa turare. Na taɓa ce mata, "Inna, rediyo fa ba ya gani, ba ya jin ƙamshi." Ba ta kalle ni ba. Bango ta kalla ta ce, "A gaya wa yaron nan aikinsa danna jan abu." Haka muke da ita, ni ne ɗan fari. Sunana bai taɓa fita daga bakinta ba. Da a ce ya ɓace a duniya sai an tambaye ta, da har yau yawo nake yi ba suna. In za ta ba ni abinci, ƙanwata take ce wa, "Miƙa wa wancan." In zazzaɓi ya kwantar da ni, ita ce zaune a kaina, amma da na buɗe ido sai ta hau gyaran tabarma kamar abin da ya kawo ta ke nan.

Sai a fito da kujerar Baba. Ta katako ce mai jingina, shi ya haɗa ta da hannunsa, nauyinta kamar an cika ta da duwatsu, kuma duk gidan ba mai zama a kanta in ba ya nan, ko kyanwa ta san haka. Ranar kaset kawai Inna take zama. Tana zama kujerar za ta ce ƙiiƙ, in ta gyara zama ta sake cewa ƙiiƙ. In danna jan madanni, ta yi sallama, ta gaishe shi da aiki, ta faɗi wanda ya haihu da wanda ya rasu, akuya ta haihu, katangar baya ta fara tsagewa. Daga nan sai ta yi shiru. Ba ƙaramin shiru ba, shirun da za ka je kasuwa ka dawo ka same shi bai ƙare ba. Ni kuma ina tsugune ina kallon zaren kaset yana tafiya, batir ɗin da na sha rana a kansa yana mutuwa a banza, sai in miƙa yatsa zan tsayar. Mafici ne zai sauka a bayan hannuna. "Ba a ce a tsayar ba."

Wani hutun makaranta aka ce ni zan kai kaset da kaina. Na hau bayan motar katako, na iso Abuja jawur kamar an tono ni daga rami. Ban ga birni ba, katafila na gani, da ramuka, da mutane masu yare kala-kala suna magana da hannu. Ɗakin su Baba dogo ne na kwano, gadaje a jere, Tibi da Ibo da Bayarabe da namu duk a ciki, kowa da irin Hausarsa. Ranar Lahadi da la'asar, da yake ba aiki, Baba ya yi wanka, ya sa farar riga, ya zauna a kan akwatin kayan aikinsa, guduma da ƙusoshi suka ce kwaram a ciki, ya ɗora rediyo a cinya. Gaisuwar Inna da labaran gari ya bi su da "madalla" da "Allah ya ji ƙansa." Da aka zo shirun nan, ni injiniya sai na ce, "Baba, nan ba komai, bari in tura maka gaba."

Ya riƙe min hannu. Ya murɗa ƙarar rediyon har ƙarshe, ya kara kunne, ya rufe ido.

"Ba komai? Ka ji wannan? Dakan gidan Malam ne, babbar 'yarsa ce, ita ce take jinkirta taɓarya." Ya ɗan saurara. "Ga guga nan ya faɗa rijiya. Ka ji daɗewar da ya yi kafin ya taɓa ruwa? Ruwa ya ja baya, ku ƙara igiya. Wannan kuma ƙofar kicin ce, na ce a sa mata mai, ba a sa ba."

Ni dai shuuu kawai nake ji. Can sai ga ƙiiƙ. Baba ya buɗe ido ya yi dariya har da dukan cinya. "Ta zauna a kujerata!" Wani Bayarabe mai gado kusa da nasa, wanda da alama ya ji kujerar nan har ya haddace ta, ya ce, "Oga kafinta, kai kana yi kujera na gwamnati, naka yana kuka. Ba ka da kunya?" Baba ya ce, "Ƙusa ɗaya ce maganinta. To in na buga, ta yaya zan san ta zauna?" Ya mayar da kaset baya, ya sake jin wurin. Sannan ya dube ni ya ce labarin gari kowane direba zai iya kawo masa, amma gidan kansa sai inda uwata ta yi shiru yake samun hanyar shigowa. Da ya tashi mayar da amsa, a kan akwatin nan ya zauna, ya faɗi 'yan kalmominsa, ya bar sauran zaren ya kwashi hayaniyar bariki da kwaram ɗin ƙusoshi duk lokacin da ya motsa.

Da wannan kunnen na shiga fim a Kano, da shi kuma na yi suna a tsakanin waɗanda ba a sa hotonsu a fosta. Akwai wani abu da masu sauti muke yi, muna ce masa ɗaukar ɗaki. In an gama ɗaukar magana a wuri, kafin kowa ya motsa sai in ɗaga hannu in ce, "Shiru! Za a ɗauki ɗaki." Kowa ya ƙame inda yake, in ɗauki shirun wurin zalla. Dalili kuwa, kowane ɗaki da irin shirunsa: na ɗakin siminti daban, na soron ƙasa daban, na falon mai hali da firji ke gurnani daban. In ka zo tacewa ka yanka magana ka bar gurbin fayau, mai kallo zai ji kamar an jefa kunnensa rijiya, ko da bai san me ya faru ba. Sai ka shimfiɗa shirun ɗakin a ƙarƙashi, maganar ta zauna a kai. To a wannan ɗan lokacin ni ne gwamna. Jaruman da in sun fita titi sai an kira 'yan sanda, na sa su tsayuwa kamar turaku, ba tari, ba haɗiyar yawu. Na taɓa sa aka sake saboda cikin darakta ya yi ƙugi, na kuma faɗa a gaban kowa cewa wake ne. Ina cika baki cewa ko a rufe min ido, in aka sa min shiru zan faɗi unguwar da aka ɗauke shi, har da abin da aka dafa a gidan.

Sai zamani ya juya. Kaset ya tafi, faifai ya zo ya tafi, fim ya koma cikin waya, mutum ɗaya da waya ɗaya ya zama kyamara da mai sauti da edita har da mai talla. Mu masu doguwar sanda muka zama kamar masu gyaran fitilar ƙwai. Na tattaro na taho Abuja, na samu haya a Nyanya, ba nisa da inda barikin su Baba yake a da, ko da yake yanzu ko alamarsa babu, shaguna ne da coci da wurin cajin waya. Baba ya daɗe da rasuwa. Akwatin kayan aikinsa ya faɗo rabona, yana can lungun ɗaki yara suna ɗora takalma a kai. Inna tana gida tare da ƙanwata, ita ce ta koya mata yadda ake tura saƙon murya.

Da saƙonta na farko ya shigo, na yi murna kamar an ba ni kwangila. Wayata take turo wa, amma ba da ni take magana ba. "A gaida mutanen gidan. A gaya wa mai gidan an yi ruwa jiya." Sai shiru. Sai labarin wata tunkiya. Sai shiru. Saƙo ɗaya yakan kai ni daga Nyanya har Utako, ga hon, ga kwandasta yana ihu, ga kwastoma yana kira. Na fara ninka saurin. Daga baya na samu wata manhaja da nake yi wa mutane aiki da ita, wadda in ka zuba mata murya za ta tsince hayaniya tas, ta yanke duk inda aka yi shiru, ta miƙo maka magana zalla kamar garin da aka tankaɗe. Ranar da na gwada ta a kan saƙon Inna, kafin kwandasta ya rufe ƙofa na gama jin komai. Na ce kai, ilimi ya yi. Ban lura ba ashe na daɗe da daina jin sauti, kallonsa nake yi a allo: inda ya yi tudu magana ce, inda ya kwanta shara ce. Akwai wani ɗan tsini da yake yawan fitowa a tsakiyar kwanciyar, manhaja ta share shi, ni kuma in yaba mata.

Ana nan sai Inna ta kamu da yanar ido. Muka kawo ta Abuja aka yi mata aiki, Allah ya sa aka dace, ta zauna a wurinmu tana jinya. Wata Asabar da rana abokai suka zo duba ta: maƙwabcina na shago wanda Ibo ne mai sayar da caja, da wani abokina ma'aikacin gwamnati da muke kira Babban Sakatare, ko da yake har yanzu shi ke kai fayil ofishin oga. Ni kuma in na ga taro, sai bakina ya fara ƙaiƙayi. Dama na daɗe ina haɗa wani abu: duk saƙonnin Inna na jera su, na wanke, na tace, na ɗan ƙara musu sauri, har da kiɗa mai taushi a farko. Na jawo lasifika na ajiye a tsakiyar falo.

"Jama'a, yau za ku ga aiki. Maman Ummi, gaya wa Inna ga kyautar samun lafiya."

Na danna. Murya ta fito garau, ba ƙura ba tsakuwa, tana zuba kamar mai karanta labarai da kare ya biyo: an yi ruwa tunkiya ta haihu a gaida yara wance ta rasu gero ya yi kyau a gaida yara. Babban Sakatare ya ajiye kofinsa ya ce, "Kai, Oga Edita! Wannan ai kwaliti ne. Kamar a sitidiyo, wallahi." Maƙwabcina ya ce da irin Hausarsa, "Mama, ɗanka ya sa ka zama 'yar rediyo!" Ni ina tsaye ina shafa tumbi.

Inna tana zaune a kan darduma da baƙin gilashin da likita ya ba ta, ta karkata kai tana saurare. Da aka ɗan jima ta juya wajen matata.

"'Yar nan, wace ce wannan?"

"Ke ce, Inna."

"Ni? A ina na tsaya na faɗi wannan? Wa ya biyo ni?"

Aka yi dariya, ni na fi kowa. Na shiga bayani, ina kallon Sakatare amma da ita nake: ai duk tarkacen na kwashe, zakara, injin niƙa, iska, wuraren da ba a cewa komai. "Har da wata ƙara mai naci," na ce, "ko'ina sai ta shigo, ta hana mutum sakat." Kuma don in ƙara wa labarin gishiri sai na murguɗa baki na kwaikwaye ta. "Ƙiiƙ. Ƙiiƙ."

Da bakina na yi, da kunnena na ji. Wallahi ban gama ta biyun ba na gane ta. Baƙi suna ta dariya, ni kuwa ji na yi kamar an tuɓe min riga da wando a tsakiyar kasuwar Utako ranar da ta fi cika. Inna ba ta yi dariya ba, ba ta kuma yi fushi ba, da ma ta yi. Ta gyara gilashinta ta ce wa matata, a hankali, kamar mai ba da labarin wani gari:

"Nauyi gare ta, kujerar. Daga ɗaki nake jawo ta har gindin darbejiya, can ne waya take kamawa. Ashe gwiwata nake wahalarwa."

Falon ya yi tsit. Irin shirun da na yi shekaru ina roƙon jarumai su ba ni, ga shi an ba ni kyauta, ba ni da inda zan sa shi. Babban Sakatare ya tuna yana da taro a ofis, ranar Asabar. Maƙwabcina ya bi shi, ko lemonsa bai ƙarasa ba.

Bayan ta koma gida saƙo bai daina zuwa ba, da ya daina ma da sauƙi. "Mun wuni lafiya. A gaida yara." Shi ke nan, kafin ka kai waya kunne ya ƙare. Kuma ni mai sauti ne, ina ji a numfashinta cewa a tsaye take. Ba tunkiya, ba ruwan sama, ba wanda ya sake haihuwa a garin nan kaf. Maman Ummi ta ce, "To Baban Ummi, ai ka huta. Ta tace maka da kanta, gidanku editoci biyu ke nan." Na kira, na zuba barkwancin da ke sa mai ciwon haƙori dariya, ta saurara kaɗan ta miƙa wa ƙanwata. Na yi tunanin in fito fili in ce Inna ki yafe min, sai na ga wata sabuwar kunyar zan ɗora mata: matar da ba ta taɓa faɗin sunana ba, in tilasta mata ta amsa cewa ni take jawo wa kujera? Abin da take faɗa min ba da baki ba, ni na share shi, na kuma yi masa dariya a gaban baƙi. In ta daina ke nan, na san ba abin da ya rage tsakanina da ita sai "a gaida yara" har ƙarshen rayuwa.

Wata Lahadi da la'asar na yi wanka, na sa farar shadda, na fesa turare. Na zazzage takalman yara daga kan akwatin Baba, na jawo shi ƙofar ɗaki. Na tono tsohon makirufona mai rigar gashi, wanda yara suke kira kyanwar Baba, na haɗa shi da waya.

"Ina zuwa haka?" in ji Maman Ummi.

"Saƙo zan tura."

"Waya fa ba ta jin ƙamshi."

"A gaya wa matar nan ta ci gaba da suyarta," na ce wa bango.

Na zauna. Akwatin ya yi nishi, don Baba bai kai rabina ba, guduma da ƙusoshi suka ce kwaram. Na yi sallama, na ce a gaida mutanen gida, na ce an yi zafi yau. Sai na kama bakina. Ku da ba ku san ni ba, ba za ku gane girman wannan jarrabawa ba. Ni ne mutumin da ko a kujerar mai cire haƙori sai da na ba da labari. Barkwanci ya taso min har maƙogwaro, na haɗiye. Na bar Nyanya ta shiga: janareton maƙwabta, mai ruwa yana tura kura jarkoki suna karo, gangar cocin bayan layi, mai yana tartsatsi a kaskon Maman Ummi, yara suna faɗa a kan wanda ya shanye cajin waya. Na motsa da gangan, kwaram. Na tura yadda yake, ko numfashi ban cire ba.

Ranar ba amsa. Washegari ba amsa. Na riƙa duba wayar har maƙwabcina ya ce in cajata ce ta lalace in faɗa masa, mu ai 'yan uwa ne. Sai wata safiya muna tsakiyar cunkoso ta yi ƙara. Na ga tsawon saƙon, na mayar da ita aljihu na dafe kamar mai tsoron 'yan sane. Ban buɗe ba sai da na isa shago, na turo ƙofa, na kifa manyan abubuwan sauraren nan nawa na zamanin fim a kunne.

Ba sallama a farko. Ƙarar katako ce a kan ƙasa, ƙurrr, ta tsaya. Numfashi. Ƙurrr, ta tsaya. Numfashi, da wani ɗan "wash" da ba a yi niyyar a ji ba. Tun daga ɗaki ta danna, ta soke wayar a zane, ta bar ni in bi ta har gindin darbejiya. Ban taɓa sanin tsakar gidanmu tana da tsawo haka ba. Ni da nake tsallake ta a guje ina yaro, ranar sai da na yi gumi a zaune. Can jan ya tsaya. Sai ƙiiƙ.

Ba dakan gidan Malam yanzu, injin niƙa ne daga nesa. Ba guga, an rufe rijiyar tun da aka haƙa burtsatse a layin. Amma ga ganyen darbejiya, ga wata kaza tana tono kusa da ƙafarta, ga ƙofar kicin da har yau ba a sa mata mai ba. Ta daɗe. Sannan ta yi gyaran murya.

"A gaya wa mai akwatin nan ya rage tuwo. Ba don irinsa aka yi shi ba."

Ƙiiƙ. Ta ci gaba da zamanta.

Ban san ko dariya nake yi ko mene ne ba, na dai ji gemuna ya jiƙe. Ana cikin haka maƙwabcina ya turo ƙofa. "Oga Edita, kwastoma ta zo, yana sauri, ya ce ka fito."

Na ɗaga masa hannu sama, irin ɗagawar da, har ya ƙame da caja a hannu.

"Ya jira," na ce. "Ba a ce a tsayar ba."